Nas a Gida, Ɗaliba a Kanada

 Sharhinmu na yau zai kai mu ƙasar Kanada, musamman lardin Ontariyo inda birnin Toronto yake, domin duba halin da ma'aikatan jinya 'yan wasu ƙasashe ke shiga idan suka isa can da difloma a hannu, aka ce musu aikin sai mai digiri.

A gidajen kula da tsofaffi na Toronto da Brampton da Mississauga, ba abin mamaki ba ne a tarar da matar da ke yi wa tsohuwa wanka, tana sauya mata zanen gado, tana ba ta abinci a baki, alhali a ƙasarsu ita ce shugabar ɗakin haihuwa, ko kuma ta shekara goma tana tsaye kusa da likita a ɗakin tiyata. Wata daga Manila ta fito, wata daga jihar Kerala ta Indiya, wata daga Jamaika, wata kuma daga Legas ko Jos ko Kaduna. Aikin da suke yi na lada ne da mutunci, babu mai raina shi. Sai dai ba shi suka koya ba, albashinsa bai kama ƙafar na nas ba, kuma doka ba ta yarda su kira kansu nas ba muddin hukumar lardin ba ta yi musu rajista ba.

Tushen lamarin yana komawa ranar 1 ga watan Janairun 2005. Daga wannan rana Ontariyo ta ce duk mai son a yi masa sabuwar rajista a matsayin cikakken nas, wato mai muƙamin RN, sai ya zo da digiri na farko a fannin jinya, karatun shekara huɗu. Waɗanda suka riga suka yi rajista da difloma ba a taɓa su ba, sun ci gaba da aikinsu, amma an rufe ƙofar ga sababbin shiga. Sauran lardunan ƙasar, kowanne a lokacinsa, sun bi wannan hanya, in ban da Kebek mai magana da Faransanci. A ƙarƙashin RN akwai wani mataki da Ontariyo ke kira RPN, sauran larduna na kiransa LPN, wanda difloma ta shekara biyu ke kai mutum gare shi. Shi ma nas ne mai lasisi, yana ba da magani, yana yin allura, amma an fi danƙa masa majinyatan da jikinsu ya lafa, kuma albashinsa bai kai na RN ba.

A nan ne batun ya shafi mutanenmu kai tsaye. Mafi yawan nas-nas da suka riƙe asibitocin Najeriya shekara da shekaru ba daga jami'a suka fito ba. Makarantun koyon aikin jinya na jihohi da na asibitocin koyarwa da na mishan ne suka horar da su tsawon shekara uku, suka zauna jarrabawar Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Ƙasa, aka ba su lasisi. Da yawa sun ƙara da kwas ɗin ungozoma, ko na aikin ido, ko na ba da maganin sa barci a tiyata, ko na kula da masu taɓin hankali. Duk wanda ya taɓa jinyar ɗan uwa a babban asibitin wata ƙaramar hukuma ya san nauyin da ke wuyan waɗannan mutane: likita ɗaya ne ko babu, wuta ta ɗauke, mai naƙuda na zubar da jini, nas ce kaɗai a tsaye. Hannunsu ya faɗa da aiki. Amma jami'in da ke duba takardu a Toronto ba hannu yake aunawa ba. Yana ƙirga sa'o'in darasi ne, da matakin takardar shaidar, da abin da aka rubuta a manhajar makaranta.

Me ya sa Kanada ta dage a kan digiri? Wasu na cewa tsabar son wahalar da baƙo ne. Gaskiyar magana, dokar ta hau kan ɗan ƙasa kafin ta hau kan baƙo, kuma akwai binciken da ake kafa hujja da shi. A shekarar 2003, Farfesa Linda Aiken ta Jami'ar Pennsylvania da abokan aikinta suka wallafa sakamakon nazarin da suka yi a asibitoci 168 na jihar Pennsylvania a Amurka. Sun gano cewa duk asibitin da yawan nas-nas masu digiri ya ƙaru da kashi 10 cikin ɗari, haɗarin mutuwar wanda aka yi wa tiyata cikin kwana 30 yakan ragu da kusan kashi 5 cikin ɗari. A 2014 suka maimaita irin wannan aiki a Turai, a asibitoci 300 na ƙasashe 9, da majinyata fiye da 420,000, aka buga a mujallar Lancet. A can raguwar ta kai kashi 7 cikin ɗari. Wannan bincike na biyu ya kuma nuna wani abu da masu tsara kasafin kuɗin lafiya ba su cika son ji ba: duk majinyaci ɗaya da aka ƙara wa nas a kan waɗanda take kula da su, haɗarin mutuwa yakan ƙaru da kashi 7 cikin ɗari.

Waɗannan alƙaluma suna magana ne a kan asibiti dungurungum, ba a kan mutum ɗaya ba. Ba su ce yarinyar da ta fito jami'a jiya ta fi matar da ta shekara goma sha biyar a ɗakin masu ciwo mai tsanani ba. Saboda haka neman digiri yana da hujja, amma barin gogaggiyar nas ta shekara uku ko biyar tana jiran hukunci a kan takardunta ba shi da wata hujja, musamman a ƙasar da take kukan ƙarancin ma'aikata.

Jiran kuwa daga tantance takardu yake farawa. A 2014 hukumomin jinya na mafi yawan lardunan Kanada suka buɗe cibiya guda, NNAS, wadda a shekarun da suka biyo baya ta kanta baƙo yake fara bi. Ƙa'idar cibiyar ita ce mai nema ba ya kai takardunsa da hannunsa. Makarantar da ta horar da shi ce za ta aika da sakamakonsa da bayanin darussan da ya ɗauka, sa'a nawa a aji, sa'a nawa a gaban majinyaci. Hukumar da ta ba shi lasisi a ƙasarsu za ta aika da tabbacin cewa lasisin na gaske ne kuma babu laifi a kansa. Asibitin da ya yi wa aiki shi ma zai cike nasa fom. Daga nan sai a gwada karatun nasa da na ɗalibin Kanada, a fitar da rahoto da ɗaya daga cikin hukunci uku: ya yi daidai, ya ɗan yi daidai, ko bai yi daidai ba. Shekaru da dama, masu difloma da ke neman RN sun fi faɗawa a kashi na biyu da na uku. Wasu a tura su jarrabawar gwaji a aikace, inda ake kawo mutanen da aka horar su yi kamar marasa lafiya, a zuba ido a ga yadda nas za ta yi tambaya, ta duba jiki, ta yanke shawara. Wasu kuma a ce su koma aji.

Akwai wani tarko a cikin wannan jira. Hukumar jinya ta Ontariyo, CNO, tana son shaidar cewa mai nema ya yi aikin jinya a cikin shekara uku da suka wuce. Sakamakon jarrabawar Turanci shi ma yana da wa'adi, shekara biyu ne. To, wadda ta bar aiki a gida, ta iso Kanada, ta shekara tana fama da makarantarta a kan takardu, ta ƙara shekara tana jiran rahoto, kafin ta ankara shekara ukun sun cika, sakamakon Turancin ya mutu. Aikin kula da tsofaffi da take yi don ciyar da 'ya'yanta ba a lissafa shi a matsayin aikin nas. Haka mutane da yawa suka gaji suka haƙura.

Don irin waɗannan ne aka buɗe hanyar digiri ta musamman. Fitacciya a cikinsu ita ce ta Jami'ar York da ke Toronto, wadda ke da shirin digirin jinya na wata 20 domin nas-nas da suka yi karatu a ƙasashen waje. Maimakon a mayar da mutum aji ɗaya ya yi shekara huɗu tare da yaran da suka fito sakandare, sai a ɗauki diflomarsa a matsayin rabin tafiya, a ɗora masa sauran. Sharuɗɗan shiga suna da tsauri. Sai wanda yake da rajistar cikakken nas a ƙasarsu, kuma hukumar Ontariyo ta riga ta duba karatunsa ta ce ya kai matakin difloma. Sannan an tsara shirin ne domin mazauna lardin, wato ɗan ƙasa, ko mai takardar zaman dindindin, ko wanda aka ba mafaka. Mai zaune a Kano ko Zariya yana duba shafin jami'ar a wayarsa ya kamata ya lura da wannan sharaɗi na ƙarshe da kyau, domin shirin ba hanyar samun biza ba ce, hanya ce ta wanda ya riga ya shiga ƙasar da takardun zama. Wanda ya kammala ya samu digiri na Kanada, ya cika sharaɗin aikin kwanan nan ta hanyar horon da ya yi a asibiti, kuma ya cancanci zama jarrabawar NCLEX, wadda Kanada ta ɗauka tun 2015. Jarrabawa ce ta kwamfuta da ke sauya nauyin tambaya gwargwadon amsar da mutum ya bayar, tambayoyi 85 zuwa 150, cikin sa'a biyar.

Me ake koya wa wadda ta riga ta iya sa ruwa a jijiya ido rufe? Ba allura ba ce, ba ɗaurin ciwo ba ne. Ana koya mata yadda za ta karanta rahoton bincike ta gane mai ƙarfi da mai rauni, yadda za ta duba majinyaci daga kai zuwa ƙafa ta rubuta abin da ta gani a kwamfuta da sanin cewa wata rana lauya na iya karantawa, da yadda za ta shugabanci ƙananan ma'aikata. Abin da ya fi ba wa baƙi wuya shi ne al'adar wurin aiki. A asibitocin ƙasashe da yawa, har da namu, idan likita ya rubuta magani, magana ta ƙare. A Kanada nas ɗin da ta ga kuskure a adadin magani ta yi shiru ta bayar, ita ma za ta amsa tambaya a gaban hukumarta, lasisinta na iya tafiya. Dole ta ɗaga waya ta ce wa likita ba ta gamsu ba, ta kawo dalili. Haka batun sirri: mijin majinyaciya ko mahaifinta ba shi da ikon jin abin da ke damunta sai da izininta, ko da shi ya kawo ta asibiti. Ga wanda ya tashi a inda dangi ke cika ɗaki ana shawara tare, wannan sabon karatu ne.

Akwai darussan da suka keɓanta da ƙasar. Bayan rahoton hukumar binciken gaskiya da sasantawa na 2015 a kan zaluncin da aka yi wa 'yan asalin Kanada a makarantun kwana, an buƙaci makarantun likitanci da na jinya su koyar da tarihi da lafiyar waɗannan al'ummomi. Sannan tun 2016 doka ta halatta wa majinyacin da ya cika wasu sharuɗɗa ya nemi a taimaka masa ya mutu. Nas Musulma ko Kirista da imaninta bai yarda da wannan ba tana da damar ƙin sa hannu a ciki, amma sai ta san yadda dokar ta tsara janyewar, domin ba a yarda ta yi watsi da majinyacin ba. Gara mutum ya ji wannan tun yana gida da ya ci karo da shi a bakin gado.

Nauyin hanyar ba ƙarami ba ne. Wata 20 na karatu ba dare ba rana, ga horo a asibiti da ba a biya, ga kuɗin haya a Toronto da ke cinye rabin abin da iyali ke samu. Yawancin ɗaliban ba yara ba ne, masu aure ne da 'ya'ya, wasu kuma ana jiran saƙonsu a gida duk ƙarshen wata. Kujerun ba su da yawa idan aka gwada da masu nema. Wanda kuma ya ce zai zo da bizar ɗalibi ya yi digirin tun daga farko, kuɗin makarantarsa ya ninka na ɗan ƙasa sau da yawa, kuma a Janairun 2024 gwamnati ta ɗaga kuɗin guzurin da ɗalibi zai nuna daga dalar Kanada 10,000 zuwa 20,635, ban da kuɗin makaranta, ta kuma taƙaita yawan izinin karatu da take bayarwa.

Shi ya sa da yawa ke bin doguwar hanya mai sauƙin hawa. Su fara neman rajistar RPN, wadda diflomarsu ta fi saurin cika sharaɗinta, su zauna jarrabawarta, su kama aiki a asibiti ko gidan tsofaffi da albashin nas. Daga nan su shiga shirin da ke ɗaukar RPN ya kai shi digiri, wanda kwalejoji da jami'o'i da dama na lardin ke gudanarwa, galibi kimanin shekara uku. Tun 2020 Ontariyo ta ba kwalejoji damar ba da digirin jinya da kansu ba sai sun jingina da jami'a ba, abin da ya ƙara yawan ƙofofin. Amfanin wannan hanya shi ne mutum yana cikin sana'arsa, agogon shekara uku bai kama shi ba, kuma tukunya na kan wuta. Illarta ita ce wasu sukan tsaya a nan har ritaya, domin idan aka saba da albashi, ga bashin gida ga kuɗin makarantar yara, komawa aji sai mai ƙarfin hali. Cibiyar CARE da ke Toronto, wadda ke taimaka wa baƙin nas-nas tun 2001, tana cikin wuraren da ake zuwa neman shawara a kan wacce hanya ta fi dacewa da mutum.

Annobar korona ce ta girgiza wannan tsari. Asibitoci suka cika, ma'aikata suka gaji suna ajiye aiki, wasu ɗakunan gaggawa a ƙananan garuruwa suka riƙa rufewa a ƙarshen mako, alhali ga dubban ƙwararru a cikin gari suna jiran takarda. A Janairun 2022 hukumar CNO da hukumar lafiya ta lardin suka ɓullo da shirin aiki ƙarƙashin kulawa, inda mai nema zai yi aƙalla sa'a 140 a asibiti tare da gogaggen nas, a lissafa masa shi a matsayin shaidar aikin kwanan nan. A watan Agustan wannan shekara ministar lafiya ta lardin, Sylvia Jones, ta umarci hukumar ta kawo tsarin hanzarta rajistar baƙi cikin mako biyu. Sauran larduna suka shiga gasa. A 2023 Nova Scotia ta buɗe gajeriyar hanya ga nas-nas masu lasisi daga ƙasashe bakwai, Najeriya na ciki, tare da Filifin da Indiya da Amurka da Birtaniya da Ostareliya da New Zealand, takardun nema suka yi ta kwarara dubbai. Alberta ma ta sassauta nata a wannan shekara.

Sauyin da ya fi shafar batunmu ya zo ne a ranar 1 ga Afrilun 2025. Daga ranar, Ontariyo ta ce digirin jinya da aka yi a kowace ƙasa ya wadatar a matsayin sharaɗin karatu na RN, muddin hukumomin ƙasar da aka yi shi sun amince da shi. Difloma kuma ta wadatar ga RPN. Sai dai a ƙara da wani ɗan gajeren kwas na sanin makamar aiki a Kanada, da jarrabawar dokokin sana'a, da jarrabawar rajista, wato NCLEX ga mai neman RN. Ma'anar wannan a fili take. Wanda ya yi digirinsa a Zariya ko Ibadan ya tsallake shingen da ya fi tsayi tun kafin ya hau jirgi. Mai difloma kuwa, idan RN yake nema, komai gogewarsa, sai ya bi ta ƙarin tantancewa ko ƙarin karatu. Tazarar da ke tsakanin takardun biyu ta ƙara fitowa fili.

Ga masu sauraronmu na Nijar da Kamaru da Chadi, ƙofar da ta fi kusa ita ce Kebek, inda ake aiki da Faransanci kuma har yanzu difloma ta kwaleji na kai mutum ga lasisin nas. A 2022 gwamnatin lardin ta ƙaddamar da shirin ɗauko nas-nas 1,000 daga ƙasashe masu magana da Faransanci, Kamaru na cikin na farko, ana ba su horon watanni a kwalejojin lardin kafin jarrabawa. A 2024 Kebek ta dakatar da zuwa ɗaukar ma'aikatan jinya daga mafi yawan ƙasashen Afirka, bayan koke-koken cewa ana kwashe musu ma'aikatan da su kansu ba su ishe su ba.

Ba kowace ƙasa ce ke sa digiri a bakin ƙofa ba. Ingila ta mayar da horon nas-nas ɗinta na digiri zalla tun 2013, amma hukumar jinya ta Birtaniya tana yi wa baƙo mai difloma rajista idan ya ci jarrabawar Turanci, da ta kwamfuta da ake zama a ƙasarsu, da ta aikace da ake yi bayan ya isa. Digirin sai daga baya, ta hanyar kwas ɗin cike gibi na kimanin shekara guda da jami'o'i da yawa ke bayarwa, wanda ke buɗe ƙofar digiri na biyu da manyan muƙamai. Amurka ma tana barin mai karatun shekara biyu ya zauna NCLEX, sannan ya ƙarasa digiri yana aiki, sau da yawa ta intanet. Amma iska a can ma ta nufi digiri: wani babban rahoto na 2010 ya nemi a kai masu digiri kashi 80 cikin ɗari na nas-nas kafin 2020, kuma a ƙarshen 2017 jihar New York ta yi dokar da ta wajabta wa sabon nas ya samu digiri cikin shekara goma da karɓar lasisi.

A nan akwai gargaɗi da ya wajaba a faɗa ƙarara. Digirin cike gibi da ake yi ta intanet a wata jami'ar waje ba lasisi ba ne, kuma ba kowanne ne hukumar jinya ta wata ƙasa ke karɓa ba, musamman idan babu horo a gaban majinyaci a cikinsa. Jami'a ke ba da digiri, hukuma ke ba da izinin taɓa mara lafiya, kuma shafin hukumar ne wurin tambaya kafin a biya ko sisi, ba dillali ba. Dokokin suna sauyawa kusan kowace shekara, abin da ya yi wa wata aiki bara ba lalle ya yi wa ƙanwarta bana ba. Sai kuma masu sayar da gajeriyar hanya. A Janairun 2023 hukumomin Amurka suka bankaɗo wasu makarantu uku a jihar Florida da suka sayar da takardun shaidar jinya na jabu fiye da 7,600, aka gurfanar da mutum 25, jihohi suka bi waɗanda suka saya suna ƙwace lasisi. A wannan shekara kuma hukumar jinya ta Birtaniya ta soke sakamakon jarrabawar kusan mutum 2,000 da suka zauna a wata cibiya a Ibadan saboda zargin maguɗi, har waɗanda ba su ji ba su gani ba sai da suka sake zama. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, ya yi dubu bai fito ba, kuma abin baƙin cikin shi ne ƙurar takan bi duk mai ɗauke da fasfo irin nasa.

Duk wannan yana da fuska ta biyu, wadda ke kallon gida. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 ya ce duniya na da gibin nas-nas miliyan 5.9, mafi yawansa a ƙasashe matalauta da masu tasowa, kuma nas ɗaya cikin takwas yana aiki ne a ƙasar da ba a nan aka haife shi ko aka horar da shi ba. A 2023 hukumar ta lissafa ƙasashe 55 da bai kamata a je ana farautar ma'aikatan lafiyarsu ba, Najeriya da Nijar da Ghana da Kamaru da Chadi da Sudan duk suna ciki, ko da yake ba a hana mutum ya nemi aiki da kansa ba. A farkon 2024 magatakardan hukumar jinya ta Najeriya na lokacin, Faruk Umar Abubakar, ya ce nas-nas 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku, fiye da 15,000 a 2023 kaɗai. Hukumar ta fitar da sabuwar ƙa'ida cewa sai mutum ya yi aikin shekara biyu bayan samun lasisi kafin a tantance masa takardu zuwa waje, nas-nas suka fito zanga-zanga a Abuja da Legas. Damuwar hukumar gaskiya ce, asibitoci na zama kango. Amma toshe takarda ba ya riƙe wanda albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata.

Hanyar digiri tana nan a gida, kuma ta fi araha nesa ba kusa ba. Jami'ar Ibadan ta fara ba da digirin jinya tun 1965. A Arewa akwai sashen kimiyyar jinya a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Jami'ar Bayero ta Kano, da ta Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, da ta Maiduguri. Wanda ya shiga ta JAMB daga sakandare shekara biyar zai yi, mai rajistar nas kuwa yakan shiga kai tsaye daga aji biyu. Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, NOUN, da cibiyar karatu daga nesa ta ABU suna ba ma'aikaci damar yin digirin bai bar aikinsa ba. Wannan karatu ba na masu niyyar fita kaɗai ba ne. Idan abin da aka gano a Pennsylvania da Turai gaskiya ne, majinyacin Gusau da na Azare su ma sun cancanci nas mai zurfin karatu a bakin gadonsu, kuma mai digiri ne zai iya zuwa digiri na biyu ya dawo ya koyar a makarantun da ake ta buɗewa ba malamai.

Abin da ke hannun gwamnatocin jihohi da shugabannin asibitoci a nan ba ya buƙatar biliyoyi. Nas ɗin da ta samu gurbi a jami'a a ba ta hutun karatu da albashinta a kan yarjejeniyar za ta dawo ta yi wa jihar aiki na wasu shekaru, idan ta dawo kuma a gyara mata matsayi, kada takardar ta kwanta a fayil. Makarantun jinya su mayar da tsofaffin kundayen sakamako cikin kwamfuta, su ajiye jami'i guda da zai riƙa amsa wasiƙun jami'o'i da hukumomi cikin makonni, da kuɗin da aka rubuta a allo kowa ya gani. Tsohon ɗalibin da ke neman sakamakonsa na 2008 don shiga aji biyu a Bayero, da wadda ke nemansa don hukumar Ontariyo, a taga ɗaya suke layi, kuma jami'ar da hukumar duk suna da ranar rufe karɓar takardu.